In Gaskiya Ne, Me Za Mu Gani?

A Damagaram gardama ba ta yi mana kaɗan ba. Je ka kowace fada bayan isha'i, ko rumfar mai shayi a bakin tasha, ko ka buɗe rediyo da safe lokacin da ake karɓar kiran masu saurare, za ka tarar ana ta kai-komo a kan ruwan famfo, da tsadar gero, da allurar rigakafi, da wani saƙon murya da ya zagaye WhatsApp cikin dare. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne yadda gardamar take ƙarewa. Ko dai mai ƙarfin murya ya gajiyar da kowa, ko wani babba ya sa baki a yi shiru don kunya, ko kuma a kira salla a watse. Da wuya ka ji wani ya ce, "To, ku tsaya. In maganarka gaskiya ce, me za mu gani? In tawa ce, me za mu gani? Yaushe za mu je mu duba?" Ni a ganina rashin wannan tambaya yana ci mana kuɗi da lafiya da lokaci fiye da yadda muke zato, kuma ya kamata ta zama tambayar farko a duk wata magana da ta shafi rayuwar jama'a.

Akwai wata falsafa da aka gina kacokan a kan wannan tambaya. Ɗaliban lise, wato babbar sakandare, da suka shirya jarrabawar bak ta kammala ta sun san ta da sunan pragmatisme, yawanci a layi biyu ko uku da aka haddace aka manta. A Amurka ta tsiro, wajen 1872, a hirar wasu abokai a garin Cambridge na jihar Massachusetts. Jagoranta, Charles Peirce, ba mazaunin ɗaki ba ne mai tunani daga nesa. Ilmin sinadarai ya karanta, kuma ya yi shekaru kusan 30 yana aikin awo a hukumar safiyon gaɓar teku ta ƙasarsu, yana auna ƙarfin da ƙasa take jawo abu da shi. Mutumin da sana'arsa awo ce ya san cewa duk awo yana da kuskure, ya kuma san cewa maganin kuskuren shi ne a sake aunawa.

A 1877 Peirce ya rubuta maƙala a kan hanyoyin da mutane suke bi su tsayar da ra'ayi, ya ƙirga huɗu. Duk wanda ya karanta su zai rantse a wata fada ta Zongo ya zauna. Akwai mai kafewa, wanda ya toshe kunne ya ce haka na sani, haka zan mutu a kai. Akwai mai jingina da manya, wanda hujjarsa ita ce wane ya faɗa. Akwai mai bin abin da ya kwanta masa a rai, ya ce ai hankali ma ya nuna. Ta huɗu ita ce a bar abin da ke waje da mu, wanda bai damu da son ranmu ba, ya raba gardama, wato a gwada a gani. Peirce bai raina ukun farko ba, ya san suna da daɗi, suna kawo kwanciyar hankali da zaman lafiya. Aibinsu ɗaya ne, in sun kai ka ga kuskure ba su da hanyar dawo da kai.

Shekarar da ta biyo, 1878, ya kawo ƙa'idar da ta zama ginshiƙin tafiyar: in kana son sanin abin da magana take nufi, duba abin da zai biyo baya a aikace in ta tabbata. In maganganu biyu ba su da wani bambanci da za a iya gani ko a taɓa, ko yau ko gobe, to gardama a kansu ɓata yawu ce. Abokinsa William James ya ba da wani misali mai ban dariya a laccocinsa da aka buga a 1907. Wasu ne suka kaure da musu a daji a kan kurege da ya maƙale a jikin icce. Mutum yana zagaya iccen, kuregen yana gocewa ta ɗaya gefen, ba su taɓa haɗa ido ba. Shin mutumin ya zagaya kuregen ko bai zagaya shi ba? James ya ce ku fara faɗa mini me kuke nufi da zagayawa. In nufinku ya bi ta arewa da shi, da gabas, da kudu, da yamma, ya zagaya. In nufinku ya bi ta gabansa da bayansa, bai zagaya ba. Da aka fayyace, sai aka rasa abin musu.

Mu ɗauki wannan mu aza a kan ruwa, tunda shi ne ciwon garin nan tun kafin a haifi kakanninmu. Damagaram a kan dutse take zaune, ƙarƙashinta ba ya riƙe ruwa, kuma ƙarancinsa yana cikin dalilan da ake kawowa na ɗauke babban birnin ƙasar daga nan zuwa Yamai a 1926. An jawo ruwa daga Gogo da Macaya, an jawo daga Arunguza, an jawo daga Ganaram. Sau nawa muka ji an ce "an magance matsalar ruwa"? Sai gari ya rabu biyu, masu tafi da masu tsaki, kowa da wanda yake so da wanda yake ƙi. Amma me "an magance" take nufi? In tana da ma'ana, ma'anarta ita ce matar da ke Garin Malam ta buɗe famfo a tsakiyar bazara ruwa ya zo, ba sai ta raba dare tana gadin layin jarkoki ba, kuma kuɗin da mai ga-ruwa yake karɓa a watan Afrilu ya sauka. Waɗannan abubuwa ne da yaro ɗan makaranta zai iya rubutawa a littafi kullum. Maganar da ba ta yarda a auna ta da irin wannan ba, ko ta yabo ce ko ta suka, ba ta faɗi kome ba tukuna.

Abin da ya fi burge ni shi ne, mutanen ƙauye sun fi mu na birni riƙe wannan hanya, ko da ba su taɓa jin sunan Peirce ba. Dubi yadda buhun ajiyar wake na PICS ya shiga karkara. Masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka ne suka ɓullo da shi tare da takwarorinsu na yankinmu, har da na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, aka fara yaɗa shi daga 2007. Buhu ne mai riɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Da ma manomi ya san halin wake: ka ajiye shi, ƙwari su mai da shi gari kafin bazara, don haka ko dai ka sayar da arha da kaka, ko ka zuba masa maganin da kai ma kake tsoron ci. Masu kawo buhun ba su tsaya doguwar lacca ba. A bainar jama'a, a dandalin gari, ake kawo busasshen wake. A hura ledar a matsa don a ga ko tana da huji. A zuba waken, a girgiza ya zauna, a matse iskar da ta rage, a murɗe bakin leda ta farko a lanƙwasa a ɗaure, a yi wa ta biyu haka, sannan a ɗaure na waje. Sai a sa rana. Bayan watanni a sake tara gari, a kwance a gaban kowa, tsohuwa ta zura hannu ta dumbuzo, ta mutsuttsuka, ta kai hanci. Dalilin abin ba ɓoyayye ba ne, ƙwarin da ke ciki sun shanye ƴar iskar da ta rage, sun daina ci, sun mutu. Amma wanda ya sayi buhun a kaka ta gaba ba don bayanin iska ya saya ba. Rana aka sa, kuma rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Da waken ya fito a ruɓe, da a gaban kowa masu buhun za su sha kunyar, kuma sun san da haka tun ranar da suka ɗaure shi. Wannan yarda da a kama ka in ka yi kuskure, ita ce nake nema a wajen duk mai yi wa jama'a magana.

Kada wani ya ɗauka cewa kullum mai takarda ne yake da gaskiya. Labarin gawo ya isa shaida. Shekaru da dama ana nuna wa manomi cewa gona ta gari ita ce wadda aka share tas, ana kuma kashe kuɗi wajen rainon itatuwa baƙi a dasa, akasarinsu su mutu. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, manoman Magarya da Matamai da Mirya suka shiga barin tohon da ke fitowa daga kututture da saiwa, suna rage rassa, suna kare shi daga dabbobi. A wajen Maradi wani ɗan Ostiraliya, Tony Rinaudo, ya tallata irin wannan dabara tun 1983, ita ce ake kira sassaben zamani. Manomi ya daɗe da lura cewa gero ya fi kyau a gindin gawo. Iccen yana kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, da rani kuma ya yi kore, dabbobi su taru a ƙarƙashinsa suna cin ƴaƴansa suna zuba taki. Sai daga baya masu bincike suka zo da hotunan sama suka auna, suka ƙiyasta cewa a Nijar an farfaɗo da fili wajen hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 ta wannan hanya, kuma kudancin jihar Damagaram yana cikin inda abin ya fi yawa. A nan ƙwararre ne ya koma ɗalibi. Abin da ya raba gardamar damin gero ne, ba digiri ba kuma ba furfura ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma maganar tana da nauyi. Za a ce, ashe ke nan duk abin da ya yi maka amfani gaskiya ne? Ai mai tallar magani a tasha, wanda ya ɗaura lasifika a kan mota yana cewa garinsa ɗaya yana maganin basir da shawara da ciwon baya da rashin haihuwa, shi ma "an gwada an gani" yake cewa, har da masu ba shi shaida. Kuma ƙarya tana yi wa maƙaryaci amfani. Bertrand Russell na Ingila ya caccaki James a kan wannan gaɓa, kuma James ne ya jawo wa kansa da sakin baki a wasu wurare. Peirce kansa ya ga an ja abin zuwa inda bai nufa ba, har a 1905 ya sake wa tasa falsafar suna don ya bambanta ta. A wurinsa gaskiya ba abin da ya biya mini buƙata yau ba ne. Ita ce matsayar da masu bincike za su haɗu a kanta in suka ci gaba da bincike har iyaka, kowa yana duba aikin ɗan'uwansa. Gwajin mutum ɗaya a rana ɗaya, wanda shi ne mai kaya kuma shi ne alƙali, bai shiga lissafi ba.

A nan ne ɓangare na biyu na wannan tunani yake shigowa, wanda ni a wurina ya fi na farko amfani. Masu shi suna cewa sani ba wani abu ba ne da yake saukowa daga wajen halitta. Aiki ne na ido da kunne da ƙwaƙwalwa da harshe da zaman tare, don haka ana iya nazarinsa kamar yadda ake nazarin numfashi ko narkewar abinci. John Dewey, wani masanin falsafa na Amurka, ya yi rayuwarsa a kan haka, har ya buɗe makarantar gwaji a Chicago a 1896 inda yara suke koyon lissafi da kimiyya ta hanyar girki da saƙa da aikin katako. Willard Quine, shi ma masanin falsafa na Amurka, ya ƙara fito da shi fili a 1969, ya ce tambayar yadda muke sanin abu a miƙa ta ga binciken yadda ɗan Adam yake gani da koyo. To da aka yi nazarin, me aka samu? An samu cewa ƙwaƙwalwarmu tana riƙe inda muka dace tana zubar da inda muka kuskure. Muna haɗa abu biyu da suka zo a jere mu ce na farko ne ya haddasa na biyu. Ciwo da yawa suna tafiya da kansu, kuma mutum yakan nemi magani ne lokacin da ciwon ya kai ƙololuwa, wato dab da saukarsa. Wanda ya sha garin tasha ya warke zai dawo ya ba da shaida da zuciya ɗaya, ba ƙarya yake yi ba. Wanda ya sha bai warke ba yana gida kwance, ko yana asibiti, lasifika ba ta kai gare shi. Shi ya sa gwajin kirki yake buƙatar abin kwatance da kuma ƙirga, kuma a ƙirga har da waɗanda ba su dawo ba.

Mukan ce gani ya kori ji, amma kurkunu ya nuna iyakar karin maganar. Tsofaffinmu sun ga kurkunu da idonsu ƙarni bayan ƙarni, ya kwantar da majiya ƙarfi daidai lokacin noma. Me ya hana su gane daga ruwan tafki yake? Tsakanin shan ruwan da fitowar tsutsar akwai kusan shekara guda, kuma ƙwaron da ke ɗauke da ita a cikin ruwa ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Babu idon da zai haɗa waɗannan biyun shi kaɗai. Sai da wani masani ɗan Rasha, Fedchenko, ya gano alaƙar wajen 1870 da madubin ƙara girma. Da aka sani kuma, maganin bai wuce ƙyallen tace ruwa, da rijiya mai tsabta, da hana mai ciwon shiga tafki ba. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijar shaidar rabuwa da cutar. Idon mutum ɗaya gajere ne, sai an haɗa shi da kayan aiki da rubutu da haƙurin mutane da yawa.

Wannan ya sa nake da ƙorafi a kan yadda ake gabatar wa yaranmu falsafa. Sukan fito da Descartes, masanin falsafa na Faransa, a baki, wai sai ka yi shakkar kome da kome, ka rushe har tushe, sannan ka sake gini a kan abin da ba ya karɓar shakka. Yaro ya haddace, ya ci maki, ya fito da ɗaya daga cikin biyu: ko ya ɗauka falsafa wasan Turawa ce da ba ta shafe shi ba, ko ya zama mai raina kowa. Peirce ya ce shakkar da ba ta zo daga zuci ba shakkar takarda ce. Shakka ta gaske takan zo ne in abin da ka dogara da shi ya ba ka kunya, ka shuka iri bai fito ba, ka ba yaro magani zazzaɓi bai sauka ba. Kuma babu mai rushe dukan abin da ya sani a rana ɗaya. Kamar gidan ƙasa ne a Birni, kana cikinsa da iyalinka kake yaɓe inda ya tsage kafin damina, baɗi ka gyara wani gefen, ba ka tashi ka kwana a titi don bango ɗaya ya yi ciki. Da malamin makaranta zai ba ɗalibai aikin su ɗauki saƙon murya guda daga wayoyinsu, su rubuta abin da za a gani in gaskiya ne, su bi sawu har mako biyu, da sun koyi falsafar sani fiye da abin da shafi goma na hadda zai ba su.

Saura maganar da na san tana ran mai karatu, ita ce ta addini. Ba zan ɓoye ba, cikin masu wannan tunani akwai waɗanda suke ganin babu kome bayan abin da gwaji yake kaiwa gare shi, Quine yana cikinsu, kuma a nan na rabu da su. Ma'aunin hatsi ba ya auna nisan hanya, kuma rashin aunawar bai nuna babu hanyar ba. Amma ba na karɓar a fake da addini a hana tambaya a kan taki ko famfo ko ƙwayar magani. Hadisin barbarar dabino yana cikin Sahihu Muslim: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa manoman Madina magana a kan barbarar, suka bari, dabinon bai yi kyau ba, da suka faɗa masa ya ce su ne mafi sanin al'amarin duniyarsu. Ibnul Haisam kuma, masani Musulmi wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, da gwaji a ɗaki mai duhu ya yi nazarin haske da gani, har ya rubuta littafi na shakku a kan Batlimus, masanin taurari na zamanin da, wanda duniya ta yi ƙarnuka tana jingina da shi. Wanda ya ce gwaji baƙon abu ne a wurin Musulmi bai karanta tarihinsa ba. Haka kuma gwaji ba zai faɗa mana wace unguwa ta fi cancanta a fara kai mata ruwa ba, wannan maganar adalci ce. Abin da zai yi shi ne ya tona asirin wanda ya ce ya kai alhali bai kai ba.

Inda abin yake da wuya a wajenmu shi ne kunya. Hanyar nan tana buƙatar babba ya iya cewa "da haka na ɗauka, yanzu na ga ba haka ba ne" a gaban na ƙasa da shi, mu kuma mun taso muna ganin wannan zubar da girma ne. Yaro ya ce wa dattijo "Baba, mu gwada mu gani", sai a ce ba shi da tarbiyya. Ban ce a daina girmama manya ba, kuma akwai yadda ake faɗin magana. Amma dabarar masu buhun wake tana da sauƙi a nan, don ba mutum ne yake ƙaryata mutum ba, an sa rana ne tun kowa yana cikin fara'a, ranar ce take magana.

Don haka roƙona ga ƴan jaridarmu na rediyo ne kafin kowa, tunda su gari yake saurare. Duk wanda ya zauna gaban makirufo ya yi alkawari ko ya yi da'awa, mai mulki ne, ko ɗan adawa, ko mai magani, ko wakilin wata ƙungiyar agaji, a tambaye shi cikin ladabi: ranka ya daɗe, me za mu gani, a wace unguwa, zuwa wane wata? A rubuta amsar. In watan ya kama, a sake kunna muryarsa, a aika ɗan rahoto unguwar ya buɗe famfon da hannunsa, ya faɗa wa masu saurare ko ruwa ya zo.